Baƙin Ƙyallen Ibrah

"Ba ni ba soja ɗiyata. Ɗaya na ba su, jaka sunka maido min."

Shekara biyu cur Malam Sahabi yana maimaita maganar nan, har yaran unguwarsu a Filinge sun haddace ta. Kuma wallahi ba a ga laifinsa ba. Ɗansa na fari, Ibrah, soja ne, an kashe shi shekara uku da suka wuce a wani hari can bayan Abala, wajen iyakar Mali. Gawa ma ba su gani ba, can aka rufe shi.

Wanda ya kawo jakar shi ne Sarjan Kailu, sojan sama na rukunin ceto, irin waɗanda ke sauka da igiya daga jirgi mai saukar ungulu su kwashe masu rauni. Ranar da ya kawo ta ya ga Haske, ƙanwar marigayin, malamar lakwal, wato makarantar boko, tana riƙe da uwarta suna kuka. Ya zo ta'aziyya, ya koma da ciwon son ta a zuciya.

Cikin jakar akwai riga, da agogo, da wani siririn baƙin ƙyalle mai ƙulli ɗaya. Inna Delu, uwar Ibrah, ta ɗaga shi ta tambaya ko mene ne.

"Ga hannunshi yake, Inna, sa'ad da Allah ya amshi abinshi," in ji Kailu, kansa a ƙasa.

Sai ta ɗauka kambu ne ɗanta ya ɗaura don tsari. Ta ƙulla shi a jikin tasbaharta, kullum tana ja tana shafa shi. Duk zuwan da Kailu zai yi gaisuwa, da ya ga tasbahar sai ya sunkuyar da kai. Matan gida suka yi ta yabonsa, wai ba su taɓa ganin soja mai kunyar surukai haka ba.

Ita Inna Delu ce ta yi ta bin Malam da roƙo, yau da lallashi gobe da hawaye, har bana da aka gama ɗaure hatsi ya ce to, yaron ya zo ya ji ta bakinsa.

*

Ranar Alhamis bayan azahar Kailu ya iso. Wata huɗu ke nan yana sansanin horo can arewa, babu waya babu saƙo. Hutun kwana biyu kacal aka ba shi.

Haske ta tare shi a ƙofar gida, ta yafa jan gyale. Kallo ɗaya ta yi masa ta kama baki.

"Sarjan! Horo anka yi maka ko gashi? Dubi wuyanka don Allah."

"Ke dai bari. Rairayi da rana, ga buhun ƙasa mai nauyin mutum, kullum shina bisa kafaɗata. Yaran da nike koya ma aiki har suna sunka sa mishi, wai Alhaji."

"Alhaji ya ci abinci, kai ka rame."

"Sau arba'in na sauka da igiya na ceto shi. Ko na gode bai taɓa ce min ba."

Ta yi dariya har da dafa ƙyaure. Shi kuwa gyalen yake kallo.

Akwai labari a gyalen nan. Bara ne ta ga wasu ƙyallaye masu launi a aljihunsa, ta tambaye shi. Ya ce kayan aiki ne. In ya sauka wurin da aka yi ɓarna, jirgi ba ya ɗaukar kowa lokaci ɗaya, sai ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana ɗaura musu a hannu. Kore, mai tafiya da ƙafarsa. Rawaya, mai iya jira. Ja kuwa, wanda za a ceta in an yi sauri, in an yi jinkiri a rasa shi.

"Uku ne kawai?" ta tambaya ranar.

Ya maida su aljihu. "Uku na nuna miki."

"To ni wace kala ce?"

"Ke ja ce. In ban ɗauke ki da wuri ba, ni ne mai mutuwa."

Tun ranar, duk zuwansa jan gyale take yafawa.

"Gabana hwaɗuwa shikai," in ji Haske yanzu, dariyar ta ɗauke. "Tahiru, dillalin nan mai nemana, bai bar Baba ya huta ba. Jiya ma ya aiko da rago."

"Ki bar ni da Baba. Gaskiya za ni gaya mishi, ba ni da abin da ya hi ta."

Kai, da ya san irin gaskiyar da za a tambaye shi, da bai cika baki ba.

*

A tsakar gida aka yi shimfiɗa, gindin darbejiya. Malam Sahabi bisa buzu, Kailu durƙushe gabansa. Inna Delu na bakin ƙofar ɗakinta da tasbaha a hannu, Haske na ciki bayan labule, kunnenta duk yana waje.

"Na ji an ce kai ba ka harbi," in ji Malam.

"Ana koya muna, Baba, amma aikina ɗauko wanda anka harba ne."

"In na ba ka ita, sai ka bar hawan jirgin? A ba ka teburi a Yamai, kamar sauran mutane?"

"Na nema, Baba. An ce in ƙara shekara ɗaya ina horar da yara, sannan a duba."

Malam ya shafa gemu. Ya buɗe baki ke nan sai aka ji tsayuwar mota, aka yi sallama da ƙarfi.

Tahiru ne, dillalin shanu a kasuwar Baleyara, wanda ya shekara uku yana neman Haske tana ce masa a'a da baki ɗaya. Mutum ne mai fara'a, ba ya zagi ba ya faɗa. Ni dai mai ba ku labarin nan, na fi tsoron irinsa da mai hargagi.

Ya gaida Malam, ya gaida Inna, har Kailu ya ba hannu.

"Baba, ku gahwarce ni, ban san da baƙo ba. Amma tunda ga Sarjan, gara ma. Labarinshi na jiyo a Baleyara, labarin yabo."

"Ina jin ka," in ji Malam.

"Wani tsohon soja na nan mai ƙahwa ɗaya, Isufu, shina saida igiyar shanu. Ko wa ya zauna kusa da shi sai ya ji yadda anka cece shi bayan Abala. Ya ce jirgi ya zo, wuri biyu kaɗai ya rage, su uku kwance. Wani sarja, Kailu, ya sauko. Ya ɗaura mishi ja, ya ɗaura ma na biyu ja." Tahiru ya juya a hankali ya dubi hannun Inna Delu. "Na ukun, wai ɗan Filinge ne, sai ya ɗaura mishi baƙi."

Yatsun Inna Delu suka tsaya a kan tasbaha.

"Mine ne baƙi?" in ji Malam.

"Ni jahili ne, Baba, shanu na sani. Ga mai aikin nan."

Bayan labule Haske ta dafe ƙirji. Uku na nuna miki. Haka ya ce. Bai ce uku ne ba.

Malam Sahabi ya juyo gaba ɗaya. "Kailu. Mine ne baƙi?"

Kailu ya ɗago. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Da ya so, da ya ce Isufu ya ruɗe, wanda ya zubar da jini me zai tuna? Babu mai ƙaryata shi a gidan nan.

"Baƙi, Baba, shi ne wanda munka ga ko an ɗauke shi ba shi kai likita. Sai a ɗauki wanda ka iya rayuwa, shi a bar shi sai jirgi ya dawo."

"Wa ya ɗaura ma ɗana?"

"Ni ne."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Malam, muryarsa can ƙasa.

Inna Delu ta miƙe. Matar da ko zama kusa da suruki ba ta yi, sai ga ta ta tako har gaban Kailu, ta tsuguna, ta miƙo masa tasbahar.

"Wanga?"

"Shi ne, Inna."

"Ba kambu ba ne?"

"Ba kambu ba ne."

"Shekara uku ina sumbatar shi," ta ce. "Shekara uku ina sa shi ga goshina in na gama salla. Kana zuwa kana gani. Ka bar ni?"

"Ban san an sa shi cikin jakar ba, Inna, wallahi. Masu wanka sunka kwance shi sunka haɗa da kaya. Sai da kunka ɗaga shi na gani. Na so in hwaɗi, bakina ya ƙi."

"Shina da rai sa'ad da ka ɗaura mishi?"

Kailu ya rufe ido. Hawaye suka zubo masa.

"Shina da rai."

"Ya gan ka?"

"Ya gan ni. Ya san kalar, soja ne. Ya dubi hannunshi ya dube ni. Na tura biyun sama, na ce ma matuƙi su tahi, ni ina nan. Na zauna na ɗora kanshi bisa cinyata. Ya nemi ruwa na jiƙa mishi baki. Ya ce Filinge, gidan Malam Sahabi, in kai jakarshi da hannuna. Ya yi shahada sau biyu. Kahin jirgin ya dawo ya cika."

Kun san al'adar mutanenmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Tun da Inna Delu ta haife shi ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta, ko ranar rasuwar. Sai dai "yaron nan", ko ta ce wa Haske "yayanki". To ranar nan, gaban mijinta, gaban baƙi biyu, ta ɗora hannu a ka.

"Ibrah! Wayyo Ibrah, sun bar ka ƙasa kana kallo!"

Haske ta fito a guje ta rungume ta. Maƙwabta suka leƙo ta kan katanga. Tahiru kansa sai da ya kau da kai, ina jin bai zaci abin zai kai haka ba.

Malam Sahabi ya gyara zama bisa buzu. Da ya yi magana, babu faɗa a muryarsa, kuma wannan ya fi faɗan ciwo.

"Kailu, ban ce ka kashe shi ba. Kwananshi ya ƙare. Mai yiwuwa da ni ne da aikin, haka za ni yi. Na yahe maka wannan."

"Na gode, Baba."

"Kada ka gode. Ƙyallen na yahe. Shekara ukun da ka ci tuwon gidan ga kana kallon tsohuwar ga tana sumbatar shi, wannan ban yahe ba. Kuma ba ni iya zama in ga hannun ga cikin akushina, ko in ga shi riƙe da jikana. Tashi ka tahi."

"Baba!" in ji Haske. "Baba, don Allah..."

"Ke kuma ba ni yi miki dole, ke ba yarinya ba ce. Amma ki dubi uwarki, sannan ki gaya min abin da kike so."

Haske ta dubi uwarta. Inna Delu na kwance a jikinta, bakinta bai daina kiran sunan ba.

Haske ta sunkuya ta ƙara rungume uwarta.

Kailu ya tashi, ya ɗauki hularsa, ya fita.

*

Washegari da hantsi Inna Delu ta kira ta ɗaki. Idanunta sun kumbura, muryarta ta dishe. Ta riga ta kwance ƙyallen daga tasbahar, yana tafin hannunta.

"An ce sojan nan motar Yamai za shi bi yanzu. Kai mishi abinshi."

"Inna, ku bari in ba wani ya kai."

"Ke za ki kai. Ni na roƙi ubanki ya amshe shi, ni na jawo shi cikin gidan ga. Ki kai mishi, ki ce na gode da ruwan da ya ba yayanki." Ta haɗiye kuka. "Ki ce kuma kada in sake ganin shi."

Haske ta karɓa. Ta shiga ɗakinta, ta ɗauki farin mayafi ta yafa. Jan gyalen na nan bisa gado inda ta jefar da shi jiya. Ta tsaya tana kallonsa. Can sai ta sa haƙori a gefensa ta yage siririn ƙyalle, ta dunƙule shi cikin hannun hagu. Baƙin yana dama.

A tasha ta same shi zaune kan benci, jakarsa tsakanin ƙafafu, ana ta ɗaura buhunan hatsi a saman mota. Yana ganin farin mayafin ya gane. Ya miƙe.

"Ina kwana, Haske. Yaya jikin Inna?"

Ta miƙa masa baƙin ƙyallen. "Ta ce in kawo maka. Ta gode da ruwan. Ta ce kada ta sake ganin ka."

Ya karɓa da hannu biyu, ya sa a aljihun ƙirji.

"Don mi ba ka gaya min ba?" ta ce. Hawayen da ta riƙe tun daga gida suka ɓalle. "Ni ba Inna ba ce. Ni na tambaye ka da bakina, na ce uku ne kawai? Ka dube ni ka yi min wayo da magana."

"Na ji tsoro."

"Kai? Kai da ke sauka cikin wuta da igiya?"

"Wuta ba ta da idonki. Zuwan hwarko na ce bari zafin mutuwa ya wuce. Zuwa na biyu na ce bari su san ni. Na uku na riga na so ki, na san in na hwaɗi na rasa ki. Kullum sai in ce wani zuwan."

"Ka san abin da ya hi yi min ciwo? Jiya na kasa jin haushinka. Ina riƙe da Inna tana kiran sunanshi, ni kuma zuciyata na ce min, Allah sarki, shi kaɗai ya zauna da shi. Wace irin ƙanwa ce ni?"

"Kada ki ce haka."

"Da ka ɗauke shi hwa? Ko da bai kai ba? Da mun ga gawarshi. Da Inna ta san inda kabarinshi yake."

"Da Isufu ya mutu, ko ɗayan. Dukansu suna da uwaye."

"In yau ne, sai ka sake ɗaura mishi?"

Ya dube ta. Wayyo, ni kaina mai ba ku labarin sai da na so ya yi mata ƙarya ko sau ɗaya.

"Sai in sake. Shi nike koya ma yaran can kullum. Abin da ba ni sakewa shi ne ɓoyewa."

Ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka sosai, ba ruwanta da masu kallo. Direba ya buga hon, ana kiran masu Yamai su shiga.

"Haske, gobe za ni koma arewa. Wata huɗu, babu waya. Na san Tahiru ba shi jira wata huɗu, na san Baba ya gaji." Ya matso kaɗan, ya rage murya. "Ba ni roƙon ki ki saɓa ma Inna. Abu ɗaya nike so in sani kahin in hau. Ni da ke, wace kala ce? In baƙi ne ki hwaɗi, na san ma'anarshi, ba ni ƙara damun ki. In da sauran rai, ko kaɗan ne, ki nuna min. Ina dawowa da manyana, ko sau goma Baba ya kore mu."

Hannunta na hagu na cikin mayafi, a dunƙule, har farce ya shige mata nama. Buɗewa kawai za ta yi. Ta ɗago hannun har ƙirji.

Sai ta ji muryar nan cikin kanta, muryar jiya. Ibrah, sun bar ka ƙasa kana kallo.

Yatsun suka ƙi buɗuwa.

Kailu ya jira. Hon ya sake tashi. Ya jira har direba ya leƙo ya ce soja, za mu bar ka hwa. Sannan ya gyaɗa kai a hankali, irin na wanda ya karɓi amsa.

"Na gane. Allah ya ba ki wanda ya hi ni gaskiya."

Ya ɗauki jakarsa ya shiga. Bai zauna ta wajen taga ba.

Motar ta fita daga tasha ta hau hanyar Baleyara. Sai da ta sha kwana, ta ɓace bayan shagunan bakin hanya, sannan hannun Haske ya buɗe don kansa. Jan ƙyallen ya jiƙe sharkaf da zufa.

"Ja ne," ta ce, ba mai jin ta sai wata mai saida gyaɗa. "Sarjan, ja ne."

Ta juya ta kama hanyar gida, ƙyallen na lilo a yatsunta. Tana shawo kwanar unguwarsu ta hangi motar Tahiru a ƙofar gidansu, ga takalman dattawa jere a bakin zaure.